Me Ya Sa Bayanan Majinyaci Ba Sa Bin Sa Daga Asibiti Zuwa Asibiti?

Duk wanda ya taɓa sauya wayar Android ya san sauƙin abin. Zai kunna sabuwar waya, ya shigar da adireshinsa na Gmail, kafin ya gama shan shayi lambobin mutanensa sun dawo ɗaya bayan ɗaya. In ya gyara sunan wani a wayar, gyaran zai bayyana a kwamfutarsa. Wannan shi ake kira daidaita bayanai: abu guda yana da kwafi biyu ko fiye a wurare daban-daban, kuma duk canjin da aka yi wa ɗaya sai ya isa ga sauran.

Amma mutumin nan, in ya yi gwajin jini a wani asibiti aka tura shi wani, sai dai ya naɗe takardar sakamakon a leda ya tafi da ita. In ta ɓace, a sake gwajin, ya sake biya. Wannan yana faruwa har tsakanin asibitocin da suka ajiye fayil na takarda suka koma kwamfuta. Mutane kan ɗora laifin a kan rashin sabis ko ɗauke wuta, kuma lallai suna da nasu kason, sai dai su ne mafi sauƙin magancewa. Aikin Google ya zo da sauƙi ne saboda kamfani ɗaya ya rubuta manhajar da ke kowane ɓangare, adireshi ɗaya ke nuna mai bayanan, sannan in lamba ta ɓace ba wanda zai rasa ransa. A asibiti babu ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Asibiti ɗaya, manhajoji barkatai

Babban asibiti ba ya aiki da manhaja guda. Ɗakin kati yana da tasa, ɗakin gwaje-gwaje yana da tasa, haka sashen ɗaukar hoto, da kantin magani, da masu karɓar kuɗi, da masu hulɗa da inshorar lafiya. Sau da yawa kamfanoni daban-daban ne suka rubuta su, a shekaru daban-daban, kuma kowacce tana da nata rumbun bayanai. In za a haɗa kowacce da kowacce kai tsaye, manhajoji 6 suna buƙatar hanyoyi 15, manhajoji 10 kuwa 45. Shi ya sa akan sa wata manhaja a tsakiya ta zama tafinta: kowa ya miƙa mata saƙonsa, ita ta juya shi ta kai wa mai buƙata. Mirth Connect da OpenHIM suna cikin waɗanda aka sani da wannan aikin.

Saƙonnin da kansu suna da ƙa'ida. A 1987 aka kafa ƙungiyar HL7 a Amurka domin ta tsara yaren da manhajojin asibiti za su riƙa magana da shi, kuma zubi na biyu na ƙa'idarta har gobe shi ke ɗauke da kaso mai yawa na saƙonnin asibitocin duniya. Rubutu ne zalla, an raba gurabensa da sandar tsaye. Layin da ke bayanin majinyaci zai iya zama kamar haka:

PID|1||20451||MUHAMMAD^AISHA||19980101|F

Lambar kati, suna, ranar haihuwa, jinsi. Kowane lamari yana da irin saƙonsa. In an kwantar da majinyaci, manhajar ɗakin kati za ta fitar da saƙo mai lamba A01. In an gyara bayanansa, A08. In an gano fayil biyu na mutum guda ne aka haɗe su, A40. Manhajar da ta karɓa kuma dole ta mayar da amsar cewa saƙo ya iso, kamar dai alamar nan guda biyu ta WhatsApp. In amsa ba ta zo ba, mai aikawa zai sake aikawa. To, a nan akwai tarko: wani lokaci saƙon ya isa, amsar ce ta maƙale a hanya. Shi ya sa kowane saƙo ke ɗauke da lambarsa ta daban, don mai karɓa ya gane ya taɓa ganinsa. In babu wannan, umarnin magani guda zai iya shiga sau biyu.

Raunin tsohuwar ƙa'idar shi ne ta bar gurabe da yawa a matsayin zaɓi, ta kuma ba kowane kamfani damar ƙara nasa. Sai ya zama kowa yana cewa da HL7 yake magana, amma da karin harshensa. Bakano da Basakkwace za su fahimci juna ko da wata kalma ta bambanta, domin suna cike giɓin da hankali. Kwamfuta ba ta da wannan hankalin, in gurbi ya gusa ko dai ta ƙi saƙon ko ta karanta shi ba daidai ba.

A 2011 wani masanin manhaja ɗan Ostareliya, Grahame Grieve, ya fara tsara sabuwar hanya, wadda ta zama FHIR, ana furta ta "faya". Ita tana aiki ne da irin fasahar da manhajojin wayarka ke amfani da ita wajen magana da uwar garke ta intanet. An yanka bayanan lafiya gunduwa-gunduwa: majinyaci gunduwa ce, sakamakon gwaji gunduwa ce, umarnin magani gunduwa ce, kuma kowacce tana da adireshinta da za a iya nema. Da ita kamfanin Apple ya yi amfani a 2018 lokacin da ya ba masu iPhone a Amurka damar janyo bayanansu daga wasu asibitoci zuwa wayarsu. FHIR ta rage wa masu rubuta manhaja wahala matuƙa, amma hanyar isar da saƙo kawai ta gyara. Ba ta amsa tambayar da ta fi kowacce wuya ba.

Wane ne wannan majinyacin?

Lambar 20451 da ke layin can na sama ba ta da wata ma'ana a wajen asibitin da ya bayar da ita. A wani asibitin, wani ne daban ke riƙe da ita. Don haka kafin manhajoji biyu su daidaita komai, sai sun yarda cewa a kan mutum guda suke magana, kuma abin da suke da shi a hannu shi ne suna, ranar haihuwa, jinsi, lambar waya da adireshi.

A ƙasar Hausa kowanne daga cikin waɗannan yana da santsi. Ma'aikacin ɗakin kati ɗaya zai rubuta Muhammad, wani Mohammed, wani Muhammadu, wani ya taƙaita Moh'd. A'isha za ta zama Aisha ko Aishatu, kuma 'yar alamar nan da ke tsakanin A da i ta isa ta hana bincike gano ta. Ɗanladi zai koma Danladi saboda madannin kwamfutar ba shi da harafi mai lanƙwasa. Wanda ya tsallako daga Maraɗi zuwa Katsina neman magani yana ɗauke da takardu masu rubutun Faransanci, Mahamadou ko Aïchatou. Sunan ƙarshe ma ba tsayayye ba ne: yau sunan uba, gobe na miji, jibi na gari. Ranar haihuwa kuwa, wanda ba shi da takardar haihuwa akan rubuta masa 1 ga Janairu, sai ka tarar da rumbu cike da mutanen da aka haifa ranar sabuwar shekara. Waya guda kuma takan yi wa gida duka aiki.

Masana kwamfuta suna da dabarun kwatanta sunaye ta sauti. Tsohuwar cikinsu ita ce Soundex, wadda ke mayar da suna harafi ɗaya da lambobi uku. Muhammad da Mohammed duk M530 suke bayarwa, wannan ya yi. Amma Mamman M550 yake bayarwa, alhali kowane Bahaushe ya san Mamman Muhammadu ne. Babu dabarar haruffa da za ta gano Garba Abubakar ne, Shehu Usman ne, Binta Fatima ce, Indo A'isha ce. Wannan sai wanda ya san al'adar ya zauna ya rubuta jadawalin laƙubba da hannunsa, kuma manhajar da aka rubuto daga wata ƙasa ba ta zuwa da shi.

Ga kuma ɗaya gefen, wanda ya fi muni. Hassan da Husaini duk H250 suke bayarwa a Soundex. Tagwaye ne: ranar haihuwarsu ɗaya, sunan ubansu ɗaya, jinsinsu ɗaya, gida ɗaya, lambar waya ɗaya. Manhajar da ke ba da maki bisa kamanceceniya za ta iya yanke hukuncin cewa mutum guda ne aka yi kuskuren rubuta sunansa.

Kurakuran nan biyu ba nauyinsu ɗaya ba. In aka raba mutum guda gida biyu, likita zai ga rabin tarihinsa, a maimaita gwaji, a yi asarar kuɗi da lokaci. In aka haɗe mutum biyu wuri ɗaya, rukunin jinin wani zai hau kan sunan wani, ko a ba mai lafiya maganin ɗan'uwansa. Warware irin wannan kuma aiki ne ja, domin kafin a farga saƙon haɗewar ya riga ya zagaye duk manhajojin. Saboda haka tsari mai kyau yakan kasa sakamakonsa uku: waɗanda ya tabbatar mutum guda ne, waɗanda ya tabbatar daban suke, da na tsakiya da yake ajiye wa ɗan Adam ya duba. Manhajar da ke alfahari da cewa ita kaɗai take haɗe komai ba tare da sa hannun kowa ba, abin tsoro ce.

Wani zai ce ai ga lambar NIN mai lambobi 11. Tana taimakawa ƙwarai inda ake da ita. Sai dai jaririn da aka haifa da asuba ba shi da ita, haka wanda aka kawo a sume daga wurin haɗari, haka baƙon da ya shigo daga maƙwabciyar ƙasa, kuma ba za a hana su magani ba. Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. Ingila tana da lambar NHS mai lambobi 10, Indiya ta fito da ABHA mai lambobi 14. Amurka kuwa, duk da tarin fasaharta, ba ta da lambar majinyaci ta ƙasa, domin tun 1998 majalisarta ta hana kashe kuɗin gwamnati wajen ƙirƙiro ta saboda fargabar tona sirri, kuma asibitocinta har yau suna fama da kwatanta sunaye.

A Najeriya, shirin kula da masu cuta mai karya garkuwar jiki shi ne wurin da aka fi gwada wannan aiki a fili. Cibiyoyin da ke ba da maganin suna amfani da manhajoji irin su NMRS, wadda aka gina a kan OpenMRS, da LAMISPlus, kuma suna tura bayanansu zuwa wani rumbu na ƙasa da ake kira NDR. Matsalar da aka ci karo da ita ta mutane ce: majinyaci ya yi rajista a garinsu, ya ƙaura ko ya ji kunyar idon sani, ya sake rajista a wani gari, wani lokaci da wani sunan. A cibiya ta farko zai bayyana kamar ya daina shan magani, a lissafin ƙasa kuma a ƙirga shi sau biyu. Abin da aka koma yi shi ne ɗaukar zanen yatsa, domin yatsa ba ya sauya laƙabi.

Lamba ta iso, ma'anarta fa?

A ce an gane mutumin. Saura a yarda da abin da bayanan ke nufi. Wata na'urar tana auna sukarin jini da mg/dL, wata da mmol/L, kuma tazarar da ke tsakaninsu ninki 18 ce: 126 a ma'aunin farko shi ne 7 a na biyu. In lambar ta yi tafiya ba tare da ma'auninta ba, 7 ɗin da ke nuna alamar ciwon sukari za ta zama tamkar sukarin mutum ya ƙare ƙaf. Nauyin yaro ma haka, kilo ɗaya laba 2.2 ne, kuma da nauyi ake lissafa maganin yara. Kwanan wata 03/04 a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a manhajar da aka saita da tsarin Amurka 4 ga Maris ne.

Maganin wannan shi ne ƙamus na bai-ɗaya. Cututtuka suna da lambobin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya, inda a zubi na 10 zazzaɓin cizon sauro mai ƙwayar falsifarum yake B50. Gwaje-gwaje suna da LOINC, wanda cibiyar Regenstrief ta Amurka ta fara a 1994. Aikin jera sunayen gwajin kowane asibiti kusa da lambarsa ta ƙamus ba shi da armashi, shi ya sa ake yawan tsallake shi, daga baya a dawo ana neman inda aka yi kuskure.

Akwai wani ƙaramin abu da ke kayar da masu koyo. Gurbin da aka bari babu komai ba ya nufin "babu". In wurin rubuta magungunan da jikin majinyaci ba ya ɗauka ya zo wayam, ko dai an tambaye shi ya ce babu, ko ba wanda ya tambaye shi. Manhajar da ta mayar da wayam ya zama "babu" ta ƙirƙiro wa likita tabbacin da ba wanda ya bayar.

Idan biyu suka rubuta a lokaci guda

A nan ne rashin sabis yake shigowa da gaske. Ƙaramin asibitin karkara ba zai jira intanet kafin ya duba mutane ba, don haka manhajar takan adana komai a na'urar, ta jera canje-canjen a layi, in sabis ya dawo ta tura. SORMAS, manhajar bibiyar annoba da ta samo asali daga darasin Ebola ta 2014 a Najeriya, an gina ta ne ta iya aiki a haka. Amma duk lokacin da kwafi biyu suka rabu na awoyi, kowanne zai iya canzawa shi kaɗai.

A ce da ƙarfe 10 nas ta rubuta a kwamfutar ɗakin jinya cewa jikin wata majinyaciya ba ya ɗaukar fenisilin. Da ƙarfe 11 ma'aikacin ɗakin kati, wanda laftof ɗinsa ba ta ga sabis ba tun safe, ya gyara lambar wayarta a tsohon kwafin da ke wurinsa. Da yamma sabis ya dawo. Hanya mafi arha ita ce a ce wanda ya rubuta a ƙarshe shi ke da gaskiya, a ɗauki fayil ɗinsa dungurungum a ɗora kan na farko. An sami sabuwar lambar waya, gargaɗin fenisilin ya shafe, kuma ba wata alamar kuskure da za ta fito a allo. Balle ma agogon na'urorin ba abin dogaro ba ne. Kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu takan farka da kwanan watan shekarun baya.

Ƙwararru sukan kauce wa wannan ta hanyar tura abin da ya canza kaɗai, wato gurbin lambar waya, ba fayil ɗin duka ba. Sannan kowace gunduwa tana ɗauke da lambar zubi. A FHIR mai son yin gyara zai iya cewa "zubi na 4 nake gyarawa", in uwar garke ta riga ta kai na 5 sai ta ƙi, ta tilasta masa ya karɓi sabon tukuna. Akan kuma fayyace mai iko da kowane gurbi: sakamakon gwaji na ɗakin gwaje-gwaje ne, ba wata manhajar da za ta taɓa shi. Bayanan jinya ma ba a goge su, ƙarawa ake yi. OpenMRS, wadda aka fara a 2004 domin aikin kula da masu cuta mai karya garkuwar jiki a Eldoret ta Kenya, kan soke bayani ne ta ajiye shi tare da dalili da sunan wanda ya soke. Wannan yana da amfani biyu: tarihi bai ɓace ba, kuma sauran na'urori za su ga alamar sokewar. In da gogewa aka yi, na'urar da ke riƙe da tsohon kwafi za ta ɗauka an manta da shi ne ta sake dawo da shi.

Lambar shaidar kowane sabon bayani ma ba a ƙirga ta 1, 2, 3, don na'urori biyu da ba sa ganin juna za su ba mutum biyu lamba ɗaya. Akan yi amfani da doguwar lamba mai haruffa 32 da ake kira UUID, wadda kowace na'ura ke ƙirƙira da kanta ba tare da fargabar karo ba.

Kada a rikita duk wannan da DHIS2, manhajar Jami'ar Oslo da Najeriya ke tattara rahoton lafiya da ita. Yawancin abin da ke shiga cikinta jimilla ce ta wata-wata, mutum nawa aka yi wa rigakafi, nawa suka haihu. Tara jimilla daban, bin fayil ɗin mutum guda daban.

Kuɗi da sirri

Kuɗi kaɗai ba ya warware wannan. A 2002 Ingila ta ƙaddamar da gagarumin shirin haɗa bayanan asibitocinta daga sama, a 2011 gwamnati ta sanar da wargaza shi, daga baya kuma aka ƙiyasta jimillar kuɗin da ya laƙume ta kai kusan fam biliyan 10. Estoniya, mai mutane ƙasa da miliyan ɗaya da rabi, ta fara ne da lambar shaidar ɗan ƙasa da hanyar musayar bayanai mai suna X-Road a 2001, sannan ta ɗora tsarin lafiya a kai a 2008. Ɗan ƙasar zai iya shiga ya ga wanda ya buɗe fayil ɗinsa da lokacin da ya buɗe.

Wannan rajistar masu leƙe ba ado ba ce. Duk ƙofar da aka buɗe wa bayanai su fita don amfanin majinyaci, ita ce kuma za ta iya kai su inda bai so ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan majinyaci a Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin rukuni mai buƙatar kulawa ta musamman. Amma hanyar da aka fi bi a aikace ita ce a ɗauki hoton sakamako a tura ta WhatsApp. Tana da sauri, ta kuma ceci mutane, ba musu. Sai dai hoton zai zauna a wayar ma'aikaci, ya hau ma'ajiyar hotunansa ta intanet, in an sayar da wayar ba a goge ba ya bi ta, kuma ba wata rajista da za ta nuna wanda ya gani.

Majinyaci ma yana da ɗan abin da zai yi. Ya riƙa ba da sunansa yadda yake rubuce a katin NIN, harafi da harafi, a kowane asibiti. Ya ɗauki hoton katin asibitinsa ya ajiye, maimakon ya yanki sabo duk lokacin da ya manta da tsohon. In ya san yana da kati biyu a wuri guda, ya gaya wa ɗakin kati su haɗe. Maganin da jikinsa ba ya ɗauka kuwa ya faɗe shi da baki ga duk likitan da ya zauna gabansa, ko da kwamfuta na kan tebur.

Mai sha'awar koyon aikin ba ya buƙatar fayil ɗin kowa. HAPI FHIR tana da uwar garken gwaji a buɗe kyauta, manhajar Synthea kuma tana ƙirƙiro majinyatan bogi da cikakken tarihi don atisaye. Sunayen da take fitarwa irin na Amurka ne, don haka sai mutum ya ƙara nasa: Muhammad da Mamman a matsayin mutum guda, Hassan da Husaini a matsayin mutum biyu, ya kashe intanet a ɗaya na'urar, ya yi gyara a ɓangarorin biyu, sannan ya kunna ya duba abin da ya rage a fayil ɗin.